Dattawa da babbar waya: bincike za a fara koya musu ko tantance saƙo?

Malama, kin ce kuna da dattawa a unguwar Bolari ta Gombe, yawancinsu sun taso daga Borno da Yobe lokacin rikicin Boko Haram, 'ya'ya sun saya musu babbar waya. Kina tambaya wanne ya fi: a koya musu neman bayanin lafiya a Google da kansu, ko a koya musu tantance abin da ake turo musu a WhatsApp.

Ki fara da tantancewa. Dattijo bai cika zuwa neman bayani ba, bayanin ne ke iske shi har ɗaki, da muryar ɗan'uwan da ya baro a Biu ko Damaturu, kuma wanda ya bar gida ba ya son musa wa saƙon gida. Haka aka yi a 2014 lokacin Ebola, da aka yaɗa cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi. An kwantar da mutane a asibiti, wasu sun rasu. Mai hawan jini kuwa, gishiri shi ne abin da likita ya fara hana shi.

Tantancewa ba ta bukatar iya boko, wannan shi ne babban amfaninta ga wanda ajami ya iya, ko wanda Kanuri ne harshensa na farko. Ki nuna musu kibiyoyi biyun nan da ke saman saƙo, alamar an tura shi hannu zuwa hannu sau da yawa, ba mai turowar ne ya haɗa shi ba. Sai tambayoyi uku da za su haddace: wa ya yi maganar, a wane asibiti yake? Akwai lambar waya da farashi a ƙarshe? Ya ce a daina maganin asibiti? Idan saƙo ya ce yana warkar da ciwon suga ko hawan jini gaba ɗaya, a ajiye shi. Waɗannan cututtuka lallaɓa su ake yi. Ki haɗa da kwalin magani na gaske: su nemo lambar NAFDAC da ranar lalacewa, su kankare wurin da ake kankarewa kamar katin waya idan kwalin yana da shi, su tura lambar da ta bayyana ta tes don a tabbatar maganin ba jabu ba ne. Amma ki gaya musu, lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk abin da mai talla ya lissafa. A wannan darasi, mutum biyar ko shida, zaman minti arba'in bayan la'asar, sau uku ya isa.

Bincike ya fi wannan nauyi. Sai an ƙara girman rubutu a saitin waya saboda masu yanar ido, sai hannu ya saba: busasshen yatsa allon ba ya jin sa sosai, mai rawar hannu kuma yakan daɗe da dannawa sai wani abu daban ya buɗe. Alamar makirfo tana rage wahalar rubutu, sai dai takan juya maganar wanda Hausarsa ke da karin Kanuri. Babbar matsalar ita ce sakamakon farko sau da yawa talla ne, kuma ingantaccen bayani da Hausa kaɗan ne. Don haka kada ki sake su a fili. Ki ɗora musu shafuka biyu ko uku a fuskar waya: na BBC Hausa, da na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, don zazzaɓin Lassa da kwalara, tare da lambar hukumar ta kira kyauta, 6232. Wannan darasi mutum ɗaya-ɗaya yake so, kuma jika ya zauna kusa amma kada ya karɓi wayar. Da ya karɓa, darasi ya ƙare.

Raunin tantancewa shi ne tana hana cutuwa amma ba ta ba da amsa. Wanda ya ƙi saƙon ƙarya har yanzu ƙafarsa a kumbure take. Shi ya sa a zaman ƙarshe kowa zai ajiye lambar ma'aikacin lafiya na asibitin unguwa, ya gwada tura masa saƙon murya da hoton kwalin maganinsa, a gabanki. Wadda ta iya karatu kuma ta nuna sha'awa, ita za ki wuce da ita zuwa bincike.