Thunderbird a kwamfuta: inda take da ƙarfi, inda take tuntuɓe, da yadda ake gyara ta

Thunderbird manhajar imel ce ta kwamfuta, kyauta ake samunta, kuma tun watan Disamba na 2004 da sigarta ta 1.0 ta fito take hannun jama'a. Daga 2020 kamfanin MZLA, da ke ƙarƙashin gidauniyar Mozilla, shi ke kula da ita. Tana aiki a Windows da Mac da Linux, tana tara akwatunan imel da yawa a taga ɗaya, tana kuma ajiye kwafin saƙonni a kwamfuta yadda za a iya karanta su ko babu intanet. Sai dai ba a sanin ingancin manhajar imel sai ranar da ta ƙi aiki: mai ita zai iya gano ciwon ya magance shi, ko sai ya goge komai ya soma daga farko? A wannan ma'auni Thunderbird ta ci maki mai kyau, duk da cewa saƙonnin gargaɗinta sau da yawa ba sa nuna ainihin inda matsalar take.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne ta yi ta tambayar kalmar sirri, a rubuta daidai, ta sake tambaya. Mutum sai ya fara zargin yatsunsa, alhali kalmar ba ta da laifi. Manyan masu ba da imel ne suka daina karɓar kalmar sirri tsirara daga manhajojin waje. Google ta rufe wannan hanya ga asusun Gmail na kowa da kowa a ƙarshen Mayun 2022, Microsoft kuma ta rufe ta ga Outlook.com da Hotmail a Satumbar 2024. Duk asusun da aka saita a Thunderbird kafin lokacin yana iya kasancewa a tsohon tsari. Gyaran: a buɗe Account Settings, a shiga Server Settings, a mayar da hanyar tantancewa zuwa OAuth2, tsarin da ake shiga ta shafin mai ba da imel ɗin kansa. Daga nan a gangara ƙasan jerin hagu inda saitin SMTP, wato na aika saƙo, yake, a yi masa haka shi ma, domin saba (kwamfutar mai ba da imel) ta karɓa daban ce da ta aikawa, kuma mantawa da ta biyun shi ke sa imel ya riƙa shigowa amma ya ƙi fita. Sannan a je Settings, sashen Privacy & Security, a buɗe Saved Passwords a goge tsofaffin kalmomin wannan asusun, a rufe manhajar a sake buɗewa. Ƙaramar taga za ta fito da shafin shiga na Google ko Microsoft. Idan tagar ta fito fari fat, ko ta yi ta juyawa wuri ɗaya, a duba ko an hana kukis (ƙananan bayanan da shafukan intanet ke ajiyewa a kwamfuta) a wannan sashen na Privacy & Security; tantancewar ba ta kammaluwa sai da su. Wannan ƙaramin abu ya isa ya cinye wa mutum yini guda, kuma laifin Thunderbird ne da ba ta faɗinsa ɓaro-ɓaro.

Idan shiga ta yi daidai amma haɗuwa da saba ta ƙi, lambobin ƙofa ne abin dubawa. IMAP, hanyar karɓa da ke barin saƙonni a saba, na amfani da 993 tare da nau'in tsaro na SSL/TLS, ko 143 tare da STARTTLS. POP3, hanyar karɓa da ke kwaso saƙonni zuwa kwamfuta, na amfani da 995. Aikawa kuwa 465 ce da SSL/TLS, ko 587 da STARTTLS. Lamba da nau'in tsaro tare suke tafiya: wanda ya haɗa 465 da STARTTLS zai ga manhajar ta yi ta jira har lokaci ya ƙare. Ƙofa ta 25 a bar ta, kamfanonin intanet da yawa sun toshe ta saboda masu aika saƙonnin banza. Gargaɗin cewa takardar shaidar saba ba ta da inganci kuma, kafin a zargi kowa a kalli agogon kwamfutar. Kwamfutar da ƙaramin batirin allon uwarta (motherboard) ya mutu takan koma wata tsohuwar shekara, sai duk wata shaida ta zama kamar lokacinta bai zo ba.

Saƙon da ya maƙale wajen fita yawanci nauyi ne ya yi masa yawa. Gmail na karɓar abin maƙalawa har megabait 25, amma tsarin da ake sauya fayil da shi don ya bi ta imel yana ƙara masa kusan kashi ɗaya bisa uku. Fayil mai megabait 20 zai koma kusan 27 ke nan kafin ya bar gida.

Inda ya kamata a tsaya sosai shi ne yadda Thunderbird ke ajiye saƙonni, domin a nan ƙarfinta yake, a nan kuma rauninta. Komai na mai amfani, saƙonni da adireshi da saituna da kalmomin sirri, yana cikin folda ɗaya da ake kira furofayil. A Windows tana cikin %APPDATA%\Thunderbird\Profiles, a Linux kuma ~/.thunderbird, amma hanya mafi sauƙi ita ce a danna Help, a zaɓi Troubleshooting Information, a danna maɓallin buɗe foldar. Wanda ya rufe manhajar ya kwafe wannan folda zuwa wani faifai ya kwafe imel ɗinsa kaf, kuma zai iya dasa shi a sabuwar kwamfuta. Kada a taɓa ko fayil ɗaya a ciki sai an yi wannan kwafin.

A cikin furofayil, kowace foldar imel fayil biyu ce. Akwai Inbox, marar wutsiya a sunansa, wanda shi ne saƙonnin duka jere a fayil guda, tsarin da ake kira mbox. Akwai kuma Inbox.msf, fihirisar da ke nuna inda kowane saƙo ya fara. Idan aka danna saƙo sai wani daban ya buɗe, ko jerin ya nuna babu komai alhali an san akwai, ko lissafin waɗanda ba a karanta ba ya ƙi sauka, fihirisar ce ta rikice, saƙonnin suna nan. A danna dama a kan foldar, a zaɓi Properties, a danna Repair Folder, manhajar za ta sake gina fihirisar. A asusun IMAP za ta sake sauko da saƙonnin foldar daga saba, don haka babbar folda na buƙatar haƙuri da intanet mai kyau.

Tsarin mbox na da wata ɗabi'a da mutane da yawa ba su sani ba. Saƙon da aka goge ba ya barin fayil ɗin, alama kawai ake yi masa a ɓoye shi. Sai an matse foldar, ta File sannan Compact Folders, ake fitar da shi da gaske. Akwatin da ya shekara biyar ba a matse shi ba yana iya kai gigabait da yawa alhali saƙonni ɗari biyu ake gani a ciki, kuma shi ke kawo nauyi da sanƙarewa. Thunderbird kan tambaya ko a matse. A amsa da eh, sannan kada a kashe kwamfuta tana tsakiyar aikin. Dabarar da ta fi ita ce kada a mai da akwatin shiga rumbu: a riƙa kwashe tsofaffin saƙonni zuwa Archives, inda manhajar ke raba su shekara-shekara.

Haɗari mafi muni na nan kusa. Tunda akwatin shiga fayil ɗaya ne, manhajar riga-kafi da ta hango ƙwayar cuta a saƙo guda tana iya killace fayil ɗin gaba ɗaya, mutum ya wayi gari akwatinsa wayam. Akwai zaɓi a Privacy & Security da ke ba riga-kafi damar killace saƙo ɗaya-ɗaya yayin shigowarsa; a kunna shi. Ga mai IMAP abin da sauƙi, saƙonnin na saba. Ga mai POP3 kuwa kwafin kwamfuta na iya zama shi kaɗai ya rage, domin saitin da aka saba samu yana goge saƙo daga saba bayan kwana 14. Wanda ke duba imel ɗaya a waya da kwamfuta ba shi da dalilin zama a POP3.

Masu Gmail na da nasu ƙananan damuwa biyu. Saƙon da aka aika yakan fito sau biyu, saboda Gmail na ajiye kwafinsa da kanta, Thunderbird ma ta ajiye; a cire alamar ajiye kwafi a Copies & Folders. Foldar All Mail kuma maimaicin duk saƙonni ce, sauko da ita ninka nauyi ne kawai, a janye rajistarta ta Subscribe. Gmail na yarda da haɗi 15 a lokaci guda ga asusu ɗaya, Thunderbird ita kaɗai na riƙe har 5, don haka mai na'urori da yawa da ke ganin gargaɗin haɗi ya yi yawa sai ya rage lambar a Advanced na Server Settings.

Bincike idan ya daina nemo saƙon da aka san yana nan, a rufe manhajar, a goge global-messages-db.sqlite daga furofayil. Za ta sake gina shi, ko da zai ɗauki sa'o'i a babban akwati, kuma ba ya taɓa saƙonnin. Idan kuwa fuskar ce ta birkice bayan sabuntawa, kamar yadda ya faru ga masu tsofaffin ƙare-ƙare (add-ons, ƙananan manhajojin da ake ƙara mata) lokacin da siga ta 115 ta sauya kamanni a 2023, a buɗe ta a Troubleshoot Mode daga Help. Yanayin na kashe duk ƙare-ƙaren na ɗan lokaci. In matsalar ta ɓace, a mai da su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana.

Mai asusu biyu ko uku, wanda ke son saƙonninsa a faifansa kuma ba ya tsoron buɗe folda ya goge fayil ɗaya, Thunderbird za ta biya masa buƙata, har da ɓoye saƙo ta OpenPGP da ke cikinta tun siga ta 78. Mai asusun Gmail guda da ke duba shi sau biyu a rana, burauza ta ishe shi.