Sharhi kan Winbind da alamar raba sunan domen da na mai shiga

Winbind wani sashe ne na manhajar Samba wanda ke bai wa kwamfutar Linux damar karɓar sunayen ma'aikata daga Active Directory, rumbun da Windows ke ajiye bayanan masu shiga kwamfutocin ma'aikata, kuma a wannan aikin ya cancanci yabo. Inda yake wahalar da mai kula da na'urori shi ne wajen alamar da ke tsakanin sunan domen (wato rukunin kwamfutoci da masu shiga da ake kula da su tare) da sunan mutum.

A Windows ana rubuta OFIS\musa, wato domen OFIS da mai shiga musa, kuma haka Winbind yake zuwa tun asali. Sai dai a bash, manhajar da ake rubuta umarni a cikinta a Linux, alamar \ tana da wani aiki dabam, wato soke ma'anar harafin da ke biye da ita, don haka dole a ninka ta ko a sa sunan cikin alamar zance, in ba haka ba umarni irin su chown (mai sauya mamallakin fayil) su nemi wani OFISmusa da babu shi.

Masu Samba sun tanadi zaɓin winbind separator a cikin smb.conf, fayil ɗin saitin Samba, don sauya wannan alama, kuma mutane da dama kan sauya zuwa +. Ban gamsu da wannan ba, domin NIS, wani tsarin raba bayanan masu shiga tsakanin kwamfutocin Unix, na ba + ma'ana ta musamman a /etc/group, fayil ɗin da ke ɗauke da jerin rukunonin masu shiga, abin da kan rikita sanin rukunin da mutum yake ciki, kamar yadda bayanin Samba kansa ya gargaɗa.

Ga ofishi mai domen ɗaya, na fi son a kunna winbind use default domain, sunan ya koma musa kawai. Inda domen suka yi yawa kuwa, salon musa@ofis da SSSD (wata manhaja mai irin aikin Winbind) ke bi ya fi sauƙin rubutu.