Shekara biyu a kan Debian, manhajar da ba mai iya ce mata "yi sauri"

Ranar 9 ga Agustan 2025 Debian 13 ta fito, wadda suka raɗa wa suna trixie. Debian babbar manhaja ce ta dangin Linux, wato irin wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, kuma 'yan sa-kai ne ke gina ta. Ban yi rawar jiki ba. Na bari ta yi kusan wata guda a hannun wasu, sannan wata Asabar da safe na kwashe ayyukana na adana a wani faifai daban, na buɗe fayil ɗin da ke nuna wa kwamfuta inda za ta ɗebo manhajoji, duk inda na ga bookworm, sunan Debian 12, na goge na rubuta trixie, na ba da umarni, na tashi na bar ta. Da na dawo, tambaya biyu na tarar tana jira na da su, duka a kan fayilolin da ni da hannuna na taɓa gyarawa: a bar naka ko a sa sabo? Na amsa, na kashe, na kunna. Firinta ta buga, sauti ya fito, shafukan mutane da nake kula da su suka buɗe kamar ba a yi komai ba.

Sana'ata gina ƙananan shafukan intanet ce da kula da su, kuma tun fitowar Debian 12 ranar 10 ga Yunin 2023 ita ce a kan tsohuwar laftof ɗina da kuma sabar da nake haya, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafukan. Wanda ke neman hukunci a taƙaice, ga shi: ban taɓa aiki da babbar manhajar da ta bar ni na yi barci kamar wannan ba, kuma ban taɓa aiki da wadda ta gwada haƙurina kamar ta ba. Duka biyun daga tushe ɗaya suke, wato yadda ake yanke ranar fitowarta da kuma wanda ke da ikon yankewa.

Debian ba ta da kalanda. Idan lokaci ya ƙarato sai su shiga abin da suke kira daskarewa: a rufe ƙofa mataki-mataki, sabon abu ba ya shiga, sai gyara kawai. Daga nan ido ya koma kan jerin manyan kurakuran da ba za a yarda a fita da su ba. Manhajar da aka kasa gyarawa a cire ta. Sai jerin ya yi ƙasa sannan masu kula da fitarwa su sa rana, sau da yawa saura 'yan makonni. A aikace abin yana faɗowa wajen shekara bibbiyu, domin ta 11 ta fito a Agustan 2021, amma wannan sabo ne kawai, ba alkawari ba. Tsofaffin hannu ba su manta ba: sigar da ake kira woody ta fito a Yulin 2002, aka yi ta jiran magajiyarta sarge har Yunin 2005. Sannu ba ta hana zuwa, amma a wancan karon an daɗe ba a je ba.

A cikin wannan dogon jiran ne aka haifi Ubuntu, wata babbar manhajar da aka gina a kan Debian, a Oktoban 2004. Mark Shuttleworth, attajiri ɗan Afirka ta Kudu, ya ɗauki Debian ya ɗaura mata agogo: kowane Afrilu da Oktoba sabuwar siga, kowane Afrilu na shekara bibbiyu mai dogon tallafi. Lambar sigar ma kwanan wata ce, 24.04 na nufin Afrilun 2024. Sun taɓa ɗagawa a 2006, shi ya sa ta wannan shekarar ta zama 6.06. Na yi shekaru a kanta kafin na koma wajen uwar, wato Debian, kuma ba da faɗa muka rabu ba. Ga mai tsara aiki, sanin ranar fitowa tun kafin shekara ta kama ba ƙaramar ni'ima ba ce.

Sai dai agogo ba ya riƙe kansa. Kafin a cika alkawarin rana, dole a sami mai iya cewa wannan ya shiga, wancan a bar shi sai wani zagaye, kuma maganarsa ta zauna. Shuttleworth bai ɓoye ba, shi ya laƙaba wa kansa, rabi wasa rabi gaske, mai mulkin kama-karya na alheri wanda ya naɗa kansa har abada. A 2010 da aka mayar da maɓallan rufe taga daga dama zuwa hagu, mutane suka yi ca, ya fito ya ce ana maraba da shawara amma ba a jefa ƙuri'a kan zane, nan ba dimokuraɗiyya ba ce. A 2011 ya kawo Unity, sabuwar fuskar da mutum ke gani a allo, a 2017 ya ajiye ta aka koma tsohuwar fuskar, GNOME. Ko ka so ko ka ƙi, magana tana ƙarewa da wuri.

A Debian kuwa, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, shugaba zaɓensa ake yi duk shekara, kuma tsarin mulkinsu ya faɗa ƙarara cewa ba wanda aka ɗora wa dole ya yi aiki. To ta yaya za ka ce wa ɗan sa-kai da ke gyara manhaja da daddare bayan ya tashi daga nasa aikin, lallai ka gama kafin Alhamis? Ba ka biya shi ba, ba ka iya korarsa. Iyakacinka ka roƙe shi, ko ka naɗe hannun riga ka yi da kanka. A ganina rashin kalandar Debian ba wata falsafa ba ce da aka zauna aka ƙirƙira, gaskiya ce kawai suka faɗa wa kansu.

Kuɗin wannan 'yanci rigima ce. A Fabrairun 2014 kwamitin fasaha ya rabu huɗu da huɗu kan ɗaukar systemd, manhajar da ke tayar da sauran manhajoji idan an kunna kwamfuta, sai da shugaban kwamitin, Bdale Garbee, ya raba gardama da ƙuri'arsa. Wasu suka yi murabus, wasu suka ɓalle suka kafa tasu, Devuan. Haka maganar ƙananan manhajojin da ke tayar da kayan cikin na'ura, waɗanda kamfanoni ba sa buɗe lambobinsu. Shekara da shekaru faifan ɗora Debian na hukuma ba ya ɗauke da su saboda aƙida, sabon shiga ya ɗora ya ga babu waifai. Abin da shugaba mai iko zai warware a zama ɗaya, sai a 2022 aka kai shi ƙuri'a. Amma da aka yanke, ya yanku. Ranar da na ɗora ta 12, tun ina cikin ɗorawar ta gano waifai ɗin laftof ɗin ta tambaye ni kalmar sirri.

Inda ta fi cizo shi ne tsufan kaya. GNOME na fitar da sabuwa duk wata shida, ni kuwa na zauna a kan ta 43 shekara biyu cur, ina kallon na wasu ta taga. Zuciyar Linux, wadda Linus Torvalds ke fitarwa duk mako tara ko goma, tawa a lokacin ta tsaya a 6.1. Wanda ya sayo sabuwar kwamfuta dal yana iya tarar da wani abu a cikinta bai tashi ba. Akwai mafita, rumbun backports da kuma Flatpak, hanyoyi biyu na ɗora sababbin manhajoji a kan tsohuwar siga, kuma da su nake samun sababbin manhajojin zane. Sau ɗaya kwaɗayi ya ja ni na haɗa rumbun sigar gwaji da na tsayayyiyar sigar da nake kai don neman sabuwar sigar abu ɗaya tak. Ya jawo ɗaruruwa a bayansa, na kwana ina warwara. Laifina ne, sun rubuta gargaɗin baro-baro, ni ne na tsallake.

Tsufan ya biya ni a ƙarshen Maris na 2024, lokacin da wani injiniya, Andres Freund, ya gano ƙofar ɓoye ta masu kutse da aka dasa a xz, manhajar matse fayiloli, siga ta 5.6.0 da 5.6.1. Gubar ta shiga rassan gwaji na Debian, Ubuntu ma ta ɗaga fitar da sigar gwajinta da mako guda don sake gina kayanta. Na shiga sabar, gabana na faɗuwa, na duba lamba, na ga tawa tsohuwa ce ta gidan 5.4. Na rufe laftof na koma abin da nake yi.

Mai sabar, mai tsohuwar kwamfuta, da duk wanda abincinsa ya dogara ga na'ura ta tashi gobe yadda ta kwana, Debian tasa ce. Mai son sabon abu yana fitowa ya taɓa, ko kamfanin da ke buƙatar rana a rubuce da lambar da zai kira idan abu ya lalace, ya nemi mai agogo. Trixie tana da tallafin shekara biyar idan aka haɗa da na dogon zango, don haka ba inda za ni. Wadda za ta gaje ta an riga an raɗa mata suna, forky. Rana kuwa ba wanda ya sa.