Jirgin Osaka zuwa Nagoya da kujerar da ba ta danne na baya

'Yan uwa na gida, duk wanda muka yi waya da shi sai ya tambaye ni ko na hau Shinkansen, jirgin ƙasan nan na Japan mai gudun tsiya da kuke gani a bidiyo. Na hau, kuma gudunsa gaskiya ne. Amma jirgin da ya tsaya mini a rai daban ne, bai kai rabin gudun wancan ba. Sunansa Hinotori, na kamfanin Kintetsu ne, kamfani mai zaman kansa, ba na gwamnati ba. Yana zirga-zirga tsakanin tashar Osaka-Namba da tashar Kintetsu-Nagoya, tafiyar kilomita kusan 190, cikin awa biyu da 'yan mintoci. Shinkansen kan cinye wannan tazarar cikin kamar minti hamsin. To me zai sa mutum mai hankali ya zaɓi na awa biyu?

Ni dai kuɗi ne ya fara kai ni. Harkar kayan mota kan kai ni Nagoya daga Osaka, kuma kujerar talakawa a Hinotori ba ta kai yen 5,000 ba, alhali ta Shinkansen ta haura yen 6,000. Na shiga, na nemi lambar kujerata, na sauke teburin da ke jikin bayan kujerar gabana, na ɗora kofin gahawa da waya. Muna wuce tashar Tsuruhashi sai dattijon da ke gabana ya kai hannu zai kwantar da kujerarsa. Kun san ni dogo ne. Nan da nan na damƙe kofin, na janye gwiwoyina, ina jiran a danne ni kamar yadda na saba. Bawan Allah ya kwanta iya kwanciya, har ya fara barci. Teburina ko motsi bai yi ba. Gahawar ko tangaɗi ba ta yi ba.

Sai da na leƙa na gane yadda abin yake. Kowace kujera tana zaune ne cikin wani ƙoƙo mai tauri da aka kafe, ba ya motsi. Idan ka kwantar da ita, ba baya take zuwa ba, mazaunin ne ke zamewa gaba a cikin ƙoƙon, jinginar ta bi shi. Wato filin da za ka ci don jin daɗinka, daga naka rabon za ka ci shi, ba daga na wanda ke bayanka ba. Kuma ba a taragon masu kuɗi kaɗai aka yi haka ba. Duk kujerun jirgin ne, daga farko har ƙarshe.

Wallahi na daɗe ina juya wannan abu a raina, har muka shige cikin duwatsun Nara ban kula ba. A nan ƙasar mutane suna jin nauyin kwantar da kujera. A sauran jirage za ka ga mutum ya waiwayo ya ɗan rusuna ya nemi izini, wani ma ya haƙura ya yi tafiyarsa a miƙe don kada ya takura wa wanda bai sani ba. Kamfanin ya lura da wannan kunyar, maimakon ya liƙa takarda yana yi wa fasinjoji wa'azi, sai ya sa injiniyoyi suka cire matsalar daga tushe. Mai son barci ya yi barcinsa, na baya bai san ana yi ba. An kuma biya farashin hakan da fili: tsakanin layin kujera da na gabansa santimita 116 ne a taragon talakawa, 130 a na alfarma, shi ya sa jirgi mai tarago shida kujeru 239 kacal yake ɗauka. Da sun matse, da sun ƙara mutane da dama, kuɗi ya ƙaru. Ba su matse ba.

Nan ne raina ya koma gida, kuma ba da daɗi ba. Na tuna wata tafiyar dare da na yi a doguwar mota daga Arewa zuwa Kudu, inda na gabana ya sako mini kujerarsa a kan gwiwa tun kafin mu bar gari. Na yi masa magana cikin ladabi, ya ce kuɗinsa ya biya. Haka na kwana ƙafafuna a karkace. Mu ne fa muke da hadisan haƙƙin maƙwabci, mu ne ake karanta mana su tun muna makarantar allo. Amma da mun shiga mota sai kowa ya zama shi kaɗai ne ɗan Adam. Direba ya cusa mutum huɗu a mazaunin mutum uku, ya ɗora biyu a gaba, mu kuma mu yi shiru mu ce a yi haƙuri. Wani ya kunna waƙa a waya ba abin sa wa a kunne, wani ya ci rake ya tofar da tuƙar a ƙarƙashin kujera, wani ya wurga leda ta taga. Babu gwamnatin da ta sa mu yin waɗannan. Halinmu ne, kuma yana ba ni takaici.

Kada ku ce ai su sun ci gaba, ƙarfe ne ya bambanta mu. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, daga Idu zuwa Rigasa, kilomita 186 ne, kusan daidai da wannan, kuma faɗin dogon iri ɗaya ne. Labarin tikiti da na masu kwance ƙarafan dogo su kai kasuwa, kun fi ni saninsa. A nan, a mafi yawan sa'o'in yini jirgin yakan tashi daga Namba daidai kan awa, kuma idan an ce ƙarfe goma, to goma ɗin ce. Kwandasta ya shigo tarago ya rusuna, ya duba 'yar na'urar hannunsa, ya ga kujerun da aka saya, ya wuce bai tashi kowa daga barci ba, ya sake rusunawa a bakin ƙofa. Akwai akwatunan ajiyar kaya masu makulli kyauta, kana iya kulle su da katin da kake shiga jirgi da shi. Kowace kujera da soket ɗin cajinta.

Wani abu da na ji daga tarihin layin ya ƙara mini girmansu. A da, dogon ɓangaren Nagoya siriri ne, irin tsohon dogonmu na Legas zuwa Kano, na ɓangaren Osaka kuma mai faɗi, don haka dole fasinja ya sauka a hanya ya sauya jirgi. A Satumbar 1959 wata mahaukaciyar guguwa ta afka wa yankin tekun Ise, ta kashe mutane kusan 5,000, ruwa ya shanye layin. Kamfanin bai tsaya gyara ɓarnar kaɗai ba. Ya jawo aikin faɗaɗa dogon da ya riga ya tsara, ya yi shi a Nuwamban shekarar, kafin ƙarshen Disamba jirage sun fara wucewa kai tsaye. A kan wannan dogon Hinotori ya fara gudu ranar 14 ga Maris 2020, ana tsakiyar fargabar korona, ja wur da shi, yana jan wuta daga wayar sama, ba hayaƙi ba ƙarar inji. 

Amma ba zan ɓoye muku ba, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kuɗin tafiyar hawa uku ne: na shiga jirgi, na jirgi mai sauri, da ƙarin na Hinotori, kuma baƙon da bai iya karatunsu ba zai sha wuya kafin ya gane. Abinci kuwa, injin gahawa ne da injin kayan ƙwalama a ƙarshen jirgi, su ma sai ka tsaya kana tantance abin da aka zuba a ciki ko ya halatta. Idan lokacin salla ya riske ka, babu inda za ka shimfiɗa darduma, sai ka jira Nagoya. Sannan shirun. Awa biyu babu wanda ya ce maka sannu. Idan wayarka ta yi ƙara, sai ka tashi ka fita tsakanin taragai ka amsa ƙasa-ƙasa. Mun keta dogon ramin Aoyama, mun wuce gonakin shinkafar Mie da bututun masana'antun Yokkaichi, mun haye manyan kogunan nan kusa da Kuwana, ni kaɗai nake ta mamaki, ba wanda zan taɓa in ce masa ka gani.

A lokacin na yi kewar tsohon jirginmu, duk da lattinsa. Kafin a kai Zariya ka san sunan na kusa da kai da garinsu da abin da zai kai shi Kudu. Wata baiwar Allah ta buɗe kwanon dambu ta ce bismillah, yara a tasha suna miƙo dafaffen ƙwai da gyaɗa ta taga, wani dattijo ya kama labarin siyasa har dare. Wannan ba su da shi a nan, kuma ba na jin kuɗi zai saya musu.

Abin da ya dame ni shi ne me ya hana mu haɗa biyun. Kujerar nan ba tsafi ba ce. Ƙoƙo ne da ƙarfen zamewa, kuma na tabbata maƙeran Panteka a Kaduna za su iya fitar da irinta idan suka ga ɗaya. Wanda nake nema shi ne mai motar da zai yarda ya cire layin kujeru biyu daga motarsa, ya ƙara wa sauran fili, da fasinjojin da za su yarda su biya ɗan ƙarin ba tare da sun zage shi ba.