Shafin hukuma mai amsa tambaya: abin da na gani a Ingila

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Kun tambaye ni yadda hukumomin nan suke amfani da kafofin sada zumunta wajen isar da saƙo ga mutanen unguwanni, tun da ana shirin buɗe wa ofishinku shafi.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar al'amuran da suke wallafawa. Ƙaramar hukumar da nake zaune a cikinta takan sanar a Facebook cewa motar kwasar shara za ta makara da kwana ɗaya saboda hutu, ko an rufe wani titi don gyaran bututun ruwa, ko kuma an watsa gishiri a manyan hanyoyi saboda ƙanƙarar da ake sa ran za ta sauka cikin dare. Da wuya mutum ya ci karo da hoton shugaban hukumar. A gida kuwa, ku kun fi ni sani, shafin hukuma yakan koma kundin hotunan mai gida, yau ya karɓi baƙi, gobe ya ƙaddamar da aiki, tambayoyin jama'a kuma na jibge a ƙasa babu mai waiwayarsu.

A lokacin sanyin bara fitilar titin da ke ƙofar gidana ta mutu, ga shi duhu yakan rufa tun kusan ƙarfe huɗu na yamma. Na ɗauki hoton lambar da ke jikin turken na aika ta shafinsu. Da gari ya waye sai ga amsa, ɗauke da sunan ma'aikaciyar da ta rubuta, da adireshin fom ɗin da zan cika, sannan aka ba ni lambar ƙorafina. Sai da aka yi kwana tara kafin a gyara, saboda haka ba saurinsu nake yabo ba. Abin da ya burge ni shi ne mai riƙe da shafin tana da hanyar da take kaiwa ga masu hawa tsani, kuma a duk tsawon kwanakin na san inda maganata ta kwana.

'Yan sanda sun daɗe a wannan harka. A watan Oktoba na 2010 rundunar yankin Manchesta ta kwashe awa 24 tana amfani da Twitter wajen wallafa kowane kira da ya shigo mata, domin mutane su ga cewa yawancin aikinta ba kamun ɓarayi ba ne. Duk da haka kullum suna nanata cewa shafin ba wurin kai rahoton gaggawa ba ne: a kira 999, idan kuma ba gaggawa ba, 101.

Kada ku ɗauka kowa ake cimma ta nan. Maƙwabciyata, tsohuwa ce, sai takarda ta faɗo ta ramin ƙofarta take sanin an sauya ranar shara. A watan Maris na 2020 gwamnati ta buɗe layin WhatsApp na bayanan korona, amma abin da ya ratsa gidajen baƙi irinmu shi ne gajerun bidiyon likitoci da Urdanci da Somaliyanci, waɗanda aka riƙa turawa a zaurukan masallatai da na iyayen yara. A nan dole in yaba wa NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta gida Najeriya, wadda ta riƙa fitar da alƙaluman kowace jiha a kullum a shekarar.

Sai maganar gidan haya, wato kafofin nan ba mallakar hukuma ba ne. Kun tuna an dakatar da Twitter a Najeriya daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. A nan ma wasu ƙananan hukumomi da rundunonin 'yan sanda sun janye daga dandalin, wanda yanzu ake kira X, a 2024. Shi ya sa kowace sanarwa mai muhimmanci takan fara zama a shafin intanet na hukumar, kafofin su nuna hanya kawai.

Idan kun zauna taron shirin buɗe shafin, Yaya, ku tambaya wa zai amsa saƙon da ya shigo ranar Asabar, kuma wane darakta ne zai ɗaga waya idan ya kira shi.