Gargaɗi kan mai sayar da bel da boris na jabu ga masu motocin tseren dogon zango

Wannan gargaɗi ne ga duk masu shirya motar tseren dogon zango da kuɗin aljihunsu, waɗanda suke kwance mota su sake haɗa ta da hannunsu a 'yan makonnin da ke tsakanin tsere da tsere. Akwai wani mutum da yake tallan kayan gyara a intanet, yana cewa wai ƙungiyarsa ta watse, shi ya sa yake karyar da abin da ya rage masa. Sunan da yake amfani da shi yana sauyawa, amma hotunan kayan da labarin watsewar ƙungiyar iri ɗaya ne kullum. Mun faɗa hannunsa, kuma ba na so wani ya bi sahunmu.

Bayan tserenmu na baya, boris ɗin tayar gaba, wato ƙarfen nan mai ƙwallaye da taya take juyawa a kansa, ya fara ƙugi, wa'adin bel ɗin da ke ɗaure direba kuma ya kusa cika. Lokaci ya ƙure mana, shi kuwa gaggawar mutane ita ce jarinsa. Ya ce akwai masu jira, ya nemi kafin alƙalami ta hanyar biyan da ba a iya dawo da kuɗi, muka tura.

Bel ɗin ya iso fes, kamar ba a taɓa ɗaura shi ba. Sai da ɗaya daga cikinmu ya ɗaga shi a hasken fitila muka ga cewa zaren da aka ɗinke tambarin da shi ya saɓa da sauran ɗinkin, kuma a gefensa akwai jerin ƙananan hudojin allura inda aka farke tambarin asali. A nan ne haɗarin yake, domin tambarin ne kaɗai yake gaya wa mutum shekarun bel. Bel ɗin da FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, ta amince da shi bisa ƙa'idar 8853-2016 yana da wa'adin shekara 5, na ƙa'idar SFI 16.1 ta Amurka kuwa shekara 2 ne kacal. Tun daga 2013 FIA take sa a manna wa irin waɗannan kaya wata alama mai walƙiya mai lambarta ta daban, tana kuma wallafa jerin kayan da ta amince da su, wanda kowa zai iya dubawa kyauta. Da muka duba, lambar amincewar da ke jikin namu ta wani kamfani ce dabam, alamar kuma takarda ce mai ƙyalli kawai.

Wani zai ce ai bel bel ne, tunda bai yage ba. Ba haka ba ne. Rana da gumi da mai suna cin ƙarfin zaren a hankali, kuma wanda ya taɓa riƙe mutum a haɗari ya riga ya miƙe, ba zai sake riƙewa kamar da ba, alhali ido ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, a irin tserenmu mutum uku ko huɗu ne suke karɓeɓeniyar kujera ɗaya, kowannensu ya ba wanda ya sayo kayan amanar ransa.

Boris ɗin ma tsoho ne aka wanke, aka cusa masa sabon giris, aka sa a kwali. Da muka goge giris ɗin, sai ga shuɗin ƙuna a jikin ƙarfen da 'yan tabo inda ƙwallayen suke birgima. A motar da take shafe sa'o'i tana shan kwana da zafin birki, irin wannan yana iya sakin taya gaba ɗaya.

Na san yawancinmu a takure muke yin wannan harka, amma araha ba ta ado a kayan tsaro. Ko gasar 24 Hours of Lemons, wadda aka fara a Amurka a 2006 kuma ta ƙayyade kuɗin mota a dala 500, ba ta lissafa birki da taya da kayan kare direba a cikin wannan adadi. Saboda haka a sayi bel da boris daga dilan da kamfanin ya sani, a nemi hoton tambarin bel ɗin kusa da kusa, a gwada lambar da jerin hukumar kafin a biya ko sisi.

Da muka nemi bayani, mutumin ya toshe mu, ya yi layar zana. Mun kai rahoto ga masu kula da shafin da yake talla, mun sanar da masu duba motoci na gasarmu, bel ɗin kuma mun yayyanka shi da almakashi don kada ya sake shiga motar kowa. Duk wanda ya san ya sayi kaya ta wannan hanya, ina roƙonsa da ya cire su ya bincika kafin motarsa ta sake hawa filin tsere.