Hular kwano ta hawan doki: wacce za ka saya wa yaro a Accra

Kafin sirdi, kafin linzami, kafin ma a fara cinikin kuru, kan yaro ake tanada. Ko ƙaramin doki ne, yaron da ke bisa sirdi kansa ya haura mita ɗaya da rabi daga ƙasa, kuma kuru dabba ce mai saurin zabura. Iyaye da yawa daga Nima, Mamobi da Madina kan kai yara bakin tekun Labadi su hau doki kai a buɗe, wasu kuma su kifa musu duk hular da suka tarar a gida.

Hular 'yan okada a ajiye ta: ta fi kilo ɗaya, wuyan yaro ba ya ɗaukarta, ga toshe kunne. Ta keke ba ta rufe ƙeya yadda ya kamata, ba a kuma gwada ta da bugun kofato ba. Ta karammiski wadda ba ta da maɗauri kuwa ado ce kawai.

Wadda za a saya ita ce irin ta 'yan tseren doki, mai zagaye, wadda ba ta da ƙaƙƙarfan baki a goshi. Idan yaro ya faɗi rub da ciki, babu abin da zai tokari ƙasa ya murɗe masa wuya. Tana saukowa har ƙeya, ta rufe gefen kai, maɗaurinta kuma ya kama hula a wuri uku ko huɗu, ba ya barin ta zame. Ana sa mata rigar yadi mai lallausan baki don kare rana, a cire a wanke idan ta sha gumi. A duba ciki a ga ɗaya daga waɗannan lambobi: PAS 015:2011 mai tambarin Kitemark na Ingila, ko ASTM F1163 mai tambarin SEI na Amurka, ko VG1 na Turai. Gwajin ASTM har da buga hula a kan ƙarfe mai kaifin gefe, kwatankwacin kofato. Mai ɗauke da EN 1384:1996 kaɗai ta tsufa, an daina aiki da wannan ma'auni.

A auna kan yaro da tef ɗin tela, kamar santimita 2 a saman gira, a zagayo ta tudun ƙeya. A tafi da yaron shago. Hula ta zauna daidai, ba ta karkace baya ba. Kafin a ɗaure, a motsa ta gaba da baya: in fatar goshi ta bi ta, ta yi; in hular kaɗai ke yawo, ta yi girma. Tsakanin haɓa da maɗauri yatsa ɗaya ya isa. Yarinya a gwada mata da irin kitson da za ta hau doki da shi. Don Allah kada a sayi babba wai yaro zai girma ya cike ta.

Sai babbar damuwa, gwanjo da jabu. Abin da ke ceton kai shi ne farin soso mai tauri da ke ciki. Bugu ɗaya yake sha, ya murƙushe, ba ya dawowa, alhali bayan hular na nan sumul. Saboda haka hular da ka tsinta a kasuwar gwanjo ta Kantamanto, komai ƙyallinta da arharta, ba ka san kan wa ta taɓa ceta ba. Bar ta.

Sababbin ma a yi hattara, musamman na intanet. Tambarin CE, alamar cika ƙa'idar Turai, kowa na iya buga shi. Hula ta gaske tana da sunan kamfani, lambar ma'auni, girma a santimita da ranar ƙira, a jiki ko a ɗinke. Takardar da farce ke ɓamɓarewa cikin sauƙi abin zargi ce. SEI na da jerin hulunan da ta amince da su a shafinta, a nemi sunan hular kafin a biya. A ɗaga rufin ciki a danna soson: in ya lotsa kamar katifa, ba shi ba ne. A ja maɗauri da ƙarfi a ga ko ƙusoshinsa na girgiza. Mai shagon da ya hana ka dubawa, ka kama gabanka.

Kada a bar hula cikin motar da ke rana, zafi na lalata soson. A canza ta bayan duk faɗuwar da kai ya bugu, ko bayan shekara 5 da fara amfani da ita.